Ma'aunin zafin abincina ya ƙi kai 100 a tafasasshen ruwa, in murɗa notin ne?

Maman_Ilham_Jos
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abun nan. Ina yin abincin biki da suna a nan Jos, yawanci shinkafa da kaza da farfesu, kuma tun da oda ta fara yawa hankalina ya daina kwanciya da gashin kaza, don idan kika jera cinya ɗari biyu a obin ba zai yiwu ki tsaga kowacce ki leƙa cikinta ba. Shi ne na sa aka sayo min ma'aunin zafin abinci, irin mai fuska kamar agogo da dogon tsinken ƙarfe. Jiya na ce bari in gwada shi, na ɗora ruwa ya tafasa sosai har yana tsalle, na tsoma, allurar ta yi ta hawa ta zo 96 ta tsaya cak. Na ƙara wuta na jira, nan dai take. Mu kuma tun firamare aka ce mana ruwa a 100 yake tafasa. Na kira ƙanwata da ke aure a Kano, ita ma tana da irinsa, nata ya ba ta 98 da ɗan ɗoriya. Yanzu na ga wani ɗan noti a ƙarƙashin fuskar, yaron da ke taya ni aiki ya ce in kama da filaya in murɗa har allurar ta zo 100. In murɗa ne? Asabar ina da bikin mutum ɗari uku, ba na son aikin da-na-sani.

Ummu_Sadiq
Wa alaikumussalam. Ni dai a ganina jabu aka sayar miki, kayan yanzu sai a hankali. Ki mayar a canza miki tun kafin Asabar ɗin.

Abba_Fagge
Hajiya ai don haka aka yi notin. Murɗa kawai ki kai shi 100, magana ta ƙare.

MalamKimiyya_Zariya
Hajiya Maman Ilham don girman Allah ki ajiye filayar nan tukuna, kar ki taɓa notin. Ma'auninki bai yi ƙarya ba, na ƙanwarki ma bai yi ba. Abin da aka koya mana na 100 gaskiya ne amma a bakin teku, kamar Legas. Duk lokacin da mutum ya ƙara hawa sama nauyin iskar da ke danne ruwan yana raguwa, sai ruwan ya tafasa tun bai kai 100 ba, kusan digiri ɗaya ake rasawa a kowace mita 300. Jos tana kan tsauni wajen mita 1,200, ki raba da 300 ki ga, huɗu ke nan, 100 a cire 4 saura 96. Kano ba ta kai mita 500 ba shi ya sa ta samu 98 da ɗoriya. Kuma ƙara wuta ba ya ƙara komai, ruwan da ya riga ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce inda yake, sai dai ya ƙone da sauri. Da kin murɗa zuwa 100, da kin mayar da lafiyayyen ma'auni maƙaryaci da hannunki, duk abin da ya nuna miki daga ranar ya ɗara gaskiya da digiri huɗu. Ya ce miki kaza ta kai 74, alhali tana 70.

Maman_Ilham_Jos
Ikon Allah! Malam Allah ya saka da alheri, wallahi filayar tana hannuna na ce bari in fara tambaya.

Ummu_Sadiq
To na janye maganar jabu. Amma Malam idan haka ne ta yaya mutum zai san nasa daidai yake, sai ya je ya nemo tsawon garinsu daga teku kafin ya dafa abinci?

AntiRabi_Kicin
Ummu Sadiq ba sai kin nemo komai ba, ƙanƙara ita ce alƙali. Ita ko a Jos ko a Legas ko a Agadas a sifili take narkewa, tsauni bai dame ta ba. Ga yadda nake yi, shekara da shekaru. Ki samu fiya wata biyu da suka daskare tas, ki naɗe a tsumma mai tsabta ki daddaka da taɓarya su zama ƙanana kamar tsakuwa, ki cika dogon kofi dam har baki. Sai ki zuba ruwan sanyi kaɗan, iya wanda zai cike ramukan da ke tsakanin ƙanƙarar, ba wanda zai sa ta taso ba. Ki juya ki ba shi kamar minti biyu. Sai ki soka tsinken a tsakiya ya shiga aƙalla santimita biyar, wajen tsawon ɗan yatsanki ƙarami, kar ya taɓa gindin kofin kar ya jingina da gefe. Ki riƙe haka rabin minti zuwa minti ɗaya har allurar ta daina motsi. Idan ta tsaya a sifili lafiya lau. Idan ba ta tsaya nan ba to a nan ne notin yake da amfani, kuma yana cikin ƙanƙarar za ki murɗa, wata ta riƙe miki kofin, ke ki kama notin da filaya ki juya fuskar a hankali har allura ta hau sifili. Kar ki ciro shi ki ce za ki gyara a waje, kafin ki kama filayar ya riga ya fara hawa.

Dattijo_Gwammaja
Ni fa 'ya'yan nan kuna ba ni mamaki. Iyayenmu sun yi tuwon biki na unguwa guda, an yanka sa an yanka raguna, babu agogo babu tsinke, da ido da hanci da ɗan yatsa suke gane nama ya nuna. Mun ci mun girma. Yau sai an tsoma ƙarfe a cikin kaza kafin a yarda ta dahu?

Nas_Hauwa
Baba ranka ya daɗe, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ka duba irin girkin da suke yi. Naman miyar da aka bari yana tafasa awa biyu uku har yana rabuwa da ƙashi, wannan ko ni ba zan tsoma masa komai ba, ya wuce duk wani zargi. Inda ake samun matsala shi ne girkin yanzu, kazar gidan gona mai ƙaton ƙirji da aka ciro daga firiza cikinta bai gama saki ba, aka jefa a mai ko a obin mai wuta sosai, waje ya yi ja ya yi kyau, can jikin ƙashi kuma ɗanye. Ido ba ya ganin can. Ina aiki a sashen yara, kuma na sha karɓar gida guda da amai da gudawa washegarin biki, babba ya jure ya sha ruwan gishiri da sukari ya miƙe, amma yaron shekara biyu kafin yamma idonsa ya faɗa sai ƙarin ruwa. Ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonela da Kamfilobakta, ba su da wari ba su canza ɗanɗano, za ka ci ka yaba ma mai girki.

Dattijo_Gwammaja
To 'yata na ji wannan. Kajin da muka sani na gida ne, a yanka yanzu a fige a dafa yanzu, ba su san firiza ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mai girkin da ba ta iya gane nama da idonta ba, ƙarfe ba zai koya mata ba.

Sani_MaiTsire
Baba ina bayanka rabi. Shekarata goma sha a bakin tukuba, tsire yankansa siriri ne, wuta na ratsa shi nan da nan, ba na buƙatar komai. Amma kaza sukutum da ake ba ni in gasa, nan kam na taɓa jin kunya, mutum ya dawo min da ita a takarda ya buɗe haɗin cinya da jini-jini, a gaban kwastomomi. Tun daga ranar nake tsaga ta ta baya in baje ta kafin ta hau wuta.

Nas_Hauwa
Malam Sani ka yi dabara. Sai dai shi ma launin ba abin dogaro ba ne ta kowane ɓangare, ƙaramar kaza tana iya dahuwa sarai amma jikin ƙashi ya zauna ja-ja saboda ɓargo, wata kuma ta yi fari alhali ba ta kai ba. Shi ya sa ake son lamba.

Ɗan_Gembu
Malam na Zariya ka warware min wani abu da ya daɗe yana damuna. Mu nan kan Mambila mun fi Jos tsawo ma, kuma duk baƙuwar da aka kawo daga ƙasa sai ta yi kukan wake ba ya dahuwa da wuri, a ce itacen ne, a ce waken ne tsoho. Ashe ruwan ne ba ya yin zafin da ta saba.

MalamKimiyya_Zariya
Ƙwarai kuwa, ku naku zai tafasa wajen 95. Wake da ganda da ƙafar sa duk sai sun ƙara lokaci. Tukunyar nan mai murfi mai kullewa da ke yin fito ita ce maganin abun, tana tare tururi zafin ciki ya kai wajen 120.

Ummu_Sadiq
Mu dai kanwa muke jefawa, wake ya yi laushi ko yana so ko ba ya so.

Hajjo_Yola
Kanwa kam tana aiki amma in ta yi yawa tana ɓata ciki kuma ta mayar da waken wani iri. Ni jiƙa shi nake tun dare.

Maman_Ilham_Jos
Jama'a a dawo kaina don Allah, na gwada na ƙanƙarar kuma yanzu na fi rikicewa. Na daka na cika kofi na soka, allurar ta wuce sifili ta yi ƙasa, wajen 4 ƙasa da sifili. Ke nan dai ya lalace ɗin?

AntiRabi_Kicin
Kin zuba ruwan kuwa?

Maman_Ilham_Jos
Af, ban zuba ba Anti, na ɗauka ƙanƙarar kaɗai ta isa.

MalamKimiyya_Zariya
Nan ne matsalar. Ƙanƙarar da ta fito daga firiza mai kyau tana iya kai 18 ƙasa da sifili, ita kaɗai sanyinta ya wuce sifili nesa. Abin da ke tsayawa a sifili daram shi ne inda ƙanƙara da ruwa suke cakuɗe, tana narkewa a cikinsa. Sannan kar a sa gishiri ko kaɗan, kar kuma a yi da ƙanƙarar zoɓo ko ta lemo, gishiri da sukari duk suna saukar da lambar ƙasa da sifili.

Maman_Ilham_Jos
Na sake. Yanzu kuma 4 yake nunawa a sama da sifili. Kai ni kam yau na ga ta kaina.

AntiRabi_Kicin
Hajiya ki duba kofin, na tabbata ƙanƙarar ta taso sama tana yawo, ƙasa kuma ruwa ne zalla, kuma tsinken ya wuce ta ya shiga ruwan. Haka ne?

Maman_Ilham_Jos
Haka ne wallahi, kafin in gama amsa waya rabi ta narke.

MalamKimiyya_Zariya
Anti Rabi ta gano shi. Akwai wani abin mamaki a halittar ruwa, ya fi nauyi a lokacin da yake digiri 4, saboda haka a kofin da ƙanƙara ke yawo a sama, ruwan da ya kwanta a gindi yana iya zama 4 ɗin nan cif. Ma'auninki ya sake faɗa miki gaskiya karo na uku. Ki tsiyaye ruwan, ki ƙara ƙanƙara ki danna ta har gindi, yadda duk inda tsinken ya bi a cikin ƙanƙara yake. Kuma irin naki mai agogo ba da ɗan bakinsa kaɗai yake ji ba, ki duba jikin tsinken za ki ga wata 'yar alama kamar an ɗan lotsa, daga baki zuwa nan duka sai ya nutse. Masu batir su ne suke ji da tsinin kawai.

Zeinabou_Maradi
Sannunku da hira, ina biye da ku daga Maraɗi. Ni yawurt nike yi ina saidawa, kuma wanga abu da Anti Rabi ta faɗi shi ya cece ni. Akwai lokacin da kusan sati biyu nonona ba ya kamawa, wata rana ya yi ruwa tsululu wata rana ya yi yauƙi, na canza madara na canza iri (ɗan yawurt ɗin da ake zubawa don madara ta kama), na yi asara ba kaɗan ba. Ashe ma'aunin ne ya faɗi ƙasa ɗiyata ta ɗauka ta maida wurinshi ba ta gaya mini ba. Ina ganin 44 ina zuba iri, ashe madarar ta fi haka zafi sosai tana kashe shi. Ranar da na sa shi cikin ƙanƙara na ga inda allura ta tsaya sai da na zauna. Yanzu ƙa'idata, in dafa madara ta kai wajen 85, in bari ta huce zuwa 43 ko 45, sannan iri. Kuma duk ranar da ya faɗi, ko sau ɗaya ne, sai ya koma ƙanƙara kafin ya koma tukunya.

Hajjo_Yola
Zeinabou kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Masu sayen ɗanyen nono daga ruga su yi kindirmo, don Allah a dinga dafawa. 63 na minti talatin, ko 72 na daƙiƙa goma sha biyar, in ba ki da ma'auni ki bari ya tafaso kawai. Akwai cututtukan da ke bin ɗanyar madara daga saniya zuwa mutum, har da tarin fuka na shanu.

Khalifa_04
Ni tambayata daban ce. Nawa mai batir ne, na sa a ƙanƙara kamar yadda aka ce ya nuna min 32, a ruwan zafi kuma 209. Wannan kam ai ya haukace ko?

Abba_Fagge
Duba gefen lambar, F ne ko C?

Khalifa_04
F ne.

Abba_Fagge
To lafiyarsa ƙalau, lissafin Amurkawa yake maka. A nasu ƙanƙara 32 ce, tafasa a bakin teku 212. Akwai ɗan maɓalli a baya ko a gefe, danna shi ya koma C.

Nas_Hauwa
Wannan na F da C ba ƙaramin abu ba ne, a kula. Kaza a lissafin F 165 ce, a na C 74. Wanda nasa ke kan F ya ji an ce 74 ya sauke kaza a 74, to ko ɗumin jikin mutum ba ta kai ba, ɗanya ce shakaf.

Bilkisu_Ingila
Salam, na zo a makare amma na karanta daga farko. Ina aiki a kicin na gidan kula da tsofaffi a nan Ingila, mu dole ne, akwai littafi da ake rubuta gwajin ma'auni da kwanan wata da sa hannu, masu duba tsabta in sun zo suna buɗe shi. Abin da aka yarda da shi, a ƙanƙara ya nuna tsakanin 1 ƙasa da sifili zuwa 1 sama, a tafasasshen ruwa 99 zuwa 101, amma ku lura mu garin da nake kusan a bakin teku yake, Maman Ilham kar ki ɗauki wannan na biyun. Idan ya fita daga nan kuma ba mai saituwa ba ne, a canza batir a sake gwadawa, in ya ƙi a ajiye shi a ɗauko sabo. Kuma mu 75 muke nema a tsakiyar abinci ba 74 ba.

Ummu_Sadiq
To ga shi kuma. Nas ta ce 74, Bilkisu ta ce 75, ni kuma na taɓa ji a rediyo an ce Hukumar Lafiya ta Duniya 70 ta ce. Wanne za mu kama? In dai 70 ta isa ai da Maman Ilham ta murɗa notin ma ba abin da zai faru, tunda Malam ya ce 74 ɗinta zai zama 70.

Bilkisu_Ingila
Duka ukun ba su saɓa ba Ummu, zafi da lokaci ne suke tafiya tare. A ƙa'idar nan Birtaniya 70 ta isa idan tsakiyar naman ya zauna a haka minti biyu cur, 75 kuma daƙiƙa talatin. Amurkawa suka ce 74 ga kaza don da ta kai shi ke nan ba sai an ƙirga komai ba. Su a wajensu niƙaƙƙen nama 71 ne, gundumen naman sa ko na rago 63 sannan a bar shi ya huta minti uku, kifi ma 63. Mai cinya ɗari biyu a gabanta ba ta da lokacin tsayawa da agogo a kan kowacce, gara ta nemi ta saman.

MalamKimiyya_Zariya
Kuma Ummu Sadiq ki ƙara da wannan, kuskure ba ya zuwa shi kaɗai. Ma'auni ya ɗara da huɗu, sannan a soka shi ya taɓa ƙashi ko tiren ƙarfe ya ƙara wasu, sannan cinyar da aka auna ta bakin wuta ce ba ta tsakiyar tire ba. Kafin ki ankara abin da kike kira 74 bai fi sittin da 'yan kai ba, kuma hankalinki kwance saboda kin ga lamba. Wanda ba shi da ma'auni aƙalla yana tsoro yana ƙara wa naman lokaci.

Sani_MaiTsire
Tambaya, irin bindigar nan da aka yi ta haska mana a goshi lokacin korona a 2020, akwai ɗaya a gida, ba za ta yi ba?

Nas_Hauwa
Ba za ta yi ba Malam Sani. Ta goshi an yi ta ne don zafin jikin mutum, iyakarta arba'in da kaɗan. Ko irin ta kicin mai haskawa ma fatar waje kawai take karantawa, mu kuma cikin naman muke nema. Haka na gilashin nan na asibiti mai zaiba a ciki, kar a kusantar da shi abinci ko da wasa, in ya fashe guba ne.

Maman_Ilham_Jos
Alhamdulillah, karo na uku na yi shi yadda Anti Rabi da Malam suka ce, ƙanƙara dam har gindi, ruwa kaɗan, na jira. Allurar ta tsaya a kan 1, na ciro na sake sau biyu, 1 ɗin dai. Yanzu in murɗa ko in bar shi?

AntiRabi_Kicin
Ni da nawa ne zan murɗa ya hau sifili, tunda ga noti ga ƙanƙara a gabanki. Abu ne na minti ɗaya.

Bilkisu_Ingila
Ni kuma zan ce ki bar shi. 1 tana cikin abin da aka yarda da shi, kuma hannun da bai saba ba garin gyara digiri ɗaya sai ya zarce da uku. Ki riƙe a ranki cewa yana ɗara gaskiya da ɗaya, ki nemi 75 ko 76 a kaza, shi ke nan.

AntiRabi_Kicin
Bilkisu ke kaɗai kike aiki da naki shi ya sa. Ita tana da yara masu taya ta, ranar biki ana hayaniya wa zai tuna a cire ɗaya a ƙara ɗaya? Gara abin ya faɗi gaskiya da kansa.

Abba_Fagge
A manna 'yar takarda a jikin marfinsa a rubuta KAZA 76, kowa ya gani. Ni da na ce a murɗa zuwa 100 da farko na karɓi gyara, Allah ya sa ba ta bi tawa ba.

Hajjo_Yola
Wani abu da ba a faɗa ba, ki duba iyakar lambar da ke fuskarsa. Da yawa irin masu agogon nan ba su wuce ɗari da kaɗan. Na taɓa tsoma nawa a man suyar cincin, man suya kuwa yana kai 170 zuwa 180, allurar ta zagaye ta maƙale, daga ranar bai sake dawowa daidai ba ko da na murɗa. Na mai da na alawa daban ake sayarwa. Kuma kar a bar shi a cikin obin a rufe sai in an rubuta cewa na hakan ne, fuskar wasu roba ce.

Nas_Hauwa
Maman Ilham tunda ma'aunin ya samu lafiya, ina roƙonki kar ki tsaya a kaza kaɗai, shinkafar ta fi ba ni tsoro. Ana gama ta tun asuba a zuba a manyan kuloli, ba a buɗewa sai bayan la'asar. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke cikin ɗanyar shinkafa, dafuwa ba ta kashe 'ya'yanta, in shinkafar ta sauko ta yi ɗumi-ɗumi sai su farka su zuba dafi, kuma dafin nan ɗumame ba ya karya shi. Abinci mai zafi a riƙe shi sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5, tsakaninsu kar ya wuce awa biyu, a zafin bazara irin namu ma awa ɗaya ake so. Ki soka tsinken a kular lokacin da kika zuba, ki sake sokawa kafin a fara rabo, ki auna tsakiya ki auna gefe don gefe ne yake fara hucewa.

Ummu_Sadiq
Nas wannan kam da wuya. Wace mai abincin biki ce za ta zubar da kula guda ta shinkafa don ta sauka 55? A tsadar nan?

Nas_Hauwa
Ban ce a zubar ba Ummu, in an kama ta da wuri ba ta daɗe da sauka ba a mayar wuta ta yi zafi sosai. Amfanin aunawar ke nan, ki sani tun da sauran dama. Wadda ta wuni a ɗumi ita ce ba ta da gyara.

Dattijo_Gwammaja
Wannan ta shinkafa na yarda da ita ɗari bisa ɗari. A da ana saukewa ake rabawa, ba a san a kulle abinci a roba tun safe ba.

AntiRabi_Kicin
Hajiya ki ɗauraye kular da tafasasshen ruwa kafin ki zuba, tana riƙe zafi fiye da in kin zuba a mai sanyi, kuma ki cika ta, rabin kula saurin hucewa take. Sannan tsinken nan duk sokawa ɗaya a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, kar a ciro daga kazar da ba ta kai ba a soka a wadda ta dahu ko a shinkafa.

Maman_Ilham_Jos
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ban murɗa ba dai tukuna, na bi ta Abba na manna takarda. Da yamman nan na gasa cinya goma na gwaji, na soka ta gefe a wajen da ya fi kauri ban taɓa ƙashi ba, na bakin tire sun ba ni 82, biyu na tsakiya kuma 68, alhali a ido duk kalarsu ɗaya, har na tsakiyan sun fi sheƙi. Na juya tiren na ƙara musu minti goma suka haura. Ranar Juma'a da dare zan sake na ƙanƙarar, in Anti Rabi tana kusa wataƙila in yi ƙarfin halin murɗawa.

AntiRabi_Kicin
Ina nan in sha Allah, ki tanadi ƙanƙarar da yawa.

Bilkisu_Ingila
Ni dai har yanzu ina kan a bar shi a 1 ɗin.

Khalifa_04
Na mayar da nawa C, a ƙanƙara yana ba ni sifili da ɗigo huɗu. Amma na saka shi a kofin ruwa na bar shi ya kwana a firij ɗinmu, da safe na ga 11, kuma jiya wuta ba ta fi awa biyar da ɗaukewa ba. Akwai sauran miyar kaza a ciki tun shekaranjiya, Anti Nas ya zan yi da ita?